In kana son shiga soja daga Damagaram, ga abin da za ka shirya tun kafin a yi sanarwa

Duk sanda aka ce an buɗe ɗaukar soja garin nan sai ya hargitse, masu hoto, masu fotokofi, bakin gidan shari'a, meri, ko'ina layi ne, samari daga Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure kowa da ambulan ɗinshi a hammata yana tambayar na kusa da shi "kai ka samu kaziye?", wato takardar kotu da ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba. Ni sana'ata buga takardu da fotokofi ce, saboda haka dosiyen yaran nan da yawa ta hannuna suke bi, kuma abin da nake gani kowace shekara guda ne, yawancin masu faɗuwa tun kafin a kai ga gudu suka faɗi, ko a takarda ko a gwajin jini. Dalili kuwa shawarar da suke tafe da ita ta tsufa. Kaka ya ce ƙirji ake dubawa, baba ya ce a nemi wani babba ya sa baki, abokin fada ya ce tramol biyu sun isa ka wuce kowa a fili. Duk ukun nan na iya maido ka gida da ambulan ɗinka a hannu.

To ƙanena zauna mu bi abin, amma sai na ɗan koma baya tukuna don ka gane inda maganar su kaka ta samo asali, don ba ƙarya suka yi maka ba, zamaninsu haka yake.

Lokacin Sarki Tanimun, wanda ya ja ganuwar Birni ya rasu a 1884, ba mai tambayar shekarunka ko tsawonka. Matsayinka a gari shi ke faɗin inda za ka tsaya a fagen daga. 'Ya'yan sarauta da manyan fadawa su ne bisa dawaki da lifidi da sulke, talakawan da hakimai ke tarowa daga ƙauyuka su ne 'yan baka da masu mashi a ƙasa, bindigogi kuwa yawanci a hannun bayin sarki suke, don su aka fi amince wa tunda ba su da gidan da za su nemar wa sarauta. A cikin garin nan ake haɗa albarushi, kuma maƙeran garin nan suka zuba igwa da hannunsu, abin da yanzu in ka faɗa wa yaro sai ya ɗauka zuƙi ta malle ce. Yaƙi na ƙarewa damina ta kama, talaka ya aje kwari da baka ya ɗauki hauya.

Sai Nasara suka zo. An kashe kaftan Cazemajou na Faransa a nan a 1898, a 1899 aka yi yaƙin Tirmini zamanin Amadu Kuran Daga, kuma abin da ba a cika faɗa ba shi ne rundunar da ta ci garin Turawan cikinta 'yan ƙalilan ne, sauran duk baƙar fata ne irinmu, tirayar, wato sojojin Afirka na Faransa, rundunar da gwamna Faidherbe ya kafa a Senegal tun 1857. Na farkonsu da yawa bayi ne, a biya ubangidan kuɗi a sa wa bawan kaki ya biya da shekarun aiki. Da yaƙin duniya na farko ya cinye samarin Faransa sai aka juyo kanmu, a 1918 Blaise Diagne, ɗan Senegal da ke majalisar Faransa, ya zaga yammacin Afirka yana tara dubban mutane, a 1919 kuma aka yi dokar da ta maida abin dole ko babu yaƙi, shekara uku, ta hanyar ƙuri'a. Kowace shekara kwamiti ya sauka a gari, kwamandan da hafsan soja da likita, sarkin kanto ya kawo samarinshi a jera su ba riga, a auna tsawo, a zagaya ƙirji da igiyar awo, a buɗe baki a duba haƙora, shekaru kuwa likita ne ke ƙiyastawa da ido tunda ba mai takardar haihuwa. Mafi yawa ma likitan ke korarsu don rashin lafiya da rama. Waɗanda suka wuce a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kanshi ya tafi, sauran a rubuta su kashi na biyu, kuma daga 1926 aka riƙa kwasar 'yan kashi na biyun nan zuwa aikin ƙarfi. Wa kake jin sarakuna ke turawa? Barori da marayu da 'ya'yan marasa galihu mana, nasu a ɓoye. Wasu gidajen kuma da an ji labarin kwamiti sai samari su tsallaka ƙasar Ingilishi, Daura, Kazaure, Gumel, sai ƙura ta lafa. Waɗanda suka je suka dawo ma ai ka san sakayyar, a Thiaroye kusa da Dakar ran 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wa tirayar wuta don sun nemi haƙƙinsu, a 1959 kuma Faransa ta daskare fanshon mazan jiya na Afirka aka bar su da abin da bai kai ya kawo ba shekaru da dama.

Ka ga kenan a zamanin kaka soja ke neman mutum, mutum na gudu, shi ya sa ƙirji kawai ya isa.

Sojan Nijar namu, FAN, ran 1 ga Agusta 1961 ake lissafa haihuwarta, kuma da waɗanda suka fito daga rundunar Faransa aka fara ta, 'yan dubbai kaɗan. Dubi Seyni Kunce, an haife shi a 1931, ya yi makarantar 'ya'yan soja a Kati da Saint-Louis, ya yi yaƙin Indoshin da na Aljeriya da kakin Faransa kafin ya dawo gida har ya karɓi mulki a 1974. Manyan hafsoshin farko yawanci 'yan yamma ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, babban birni ya tashi daga nan ya koma Yamai tun 1926, mu kuma nan iyayenmu suna ɓoye yara kar a kai su lakwal, to da me za a zama hafsa? Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 aka shigar da tsoffin 'yan tawayen arewa cikin kaki, da yawa a rundunar da yau ta zama gardi nasiyonal. Ƙaramar runduna ce, guraben kaɗan, shi ya sa a zamanin baba kowa ke ganin sai da hanya.

Abin da ya juya komai yaƙi ne. Fabrairun 2015 Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, Disambar 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates, wata guda bayan nan 89 a Shinagodar. Ƙarshen 2020 ministan tsaro na lokacin Issoufou Katambe ya ce za a ninka sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar, daga baya ma aka sa burin 100,000 kafin 2030. Sojojin Faransa sun fita a Disambar 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, aikin ya rage namu. Ƙofa ba ta taɓa faɗi kamar yanzu ba, amma masu tururuwa a bakinta ma ba su taɓa yawa haka ba, kuma in mutum dubu na neman gurbi ɗari ai mai tantancewa dalilin korarka yake nema, ƙaramin kuskure ya ishe shi.

Fara da sanin wace ƙofa kake bugawa

Yara da yawa "kaki" kawai suke so, ba su san kakin ya rabu ba. Soja da jandarma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, gardi nasiyonal da 'yan sanda suna ƙarƙashin ta cikin gida, kowa da sanarwarshi da lokacinshi da sharuɗɗanshi, dosiyen wannan ba ya shiga wancan. Cikin sojan ma akwai hawa. Akwai ƙaramin soja wanda ake ɗauka jiha-jiha a kai shi horo Tondibiya kusa da Yamai ko wata cibiyar, har nan Damagaram ana horar da sabbi tunda nan ne mazaunin yankin tsaro na 3. Akwai makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, ENSOA, wadda sai da konkur, wato jarabawar shiga, rubutu da lissafi da Faransanci. Akwai ta manyan hafsoshi, nan kam maganar bak ce, wato takardar ƙare sakandare, da abin da ya fi bak. Akwai kuma Piritane ta Yamai, makarantar soja ta yara, da ke ɗaukarsu daga ƙarshen firamare ta hanyar jarabawa, wannan iyaye nake wa magana, in kuna da yaro mai kai a aji shida ku tambayi diraktan makarantarsu tun farkon shekara.

Ra'ayina, in kana da bak kar gaggawa ta sa ka shiga a ƙaramin soja don kawai ita aka fara buɗewa, ka jira konkur, bambancin shekaru ne masu yawa na hawa. In kuma kana aji na ƙarshe kafin birebe, dan Allah ka ƙarasa, takardar nan ko a cikin bariki za ta yi maka rana.

Sannan kar ka haɗa da na Najeriya. Kullum sai an nuno min wani hoto daga Facebook ana cewa ga sharuɗɗa sun fito, in duba in ga na Defot ɗin Zariya ne, inda Najeriya ke horar da sabbin sojoji, shekara 18 zuwa 22, tsawo mita 1.68 ga maza 1.65 ga mata, lambar NIN, cikewa ta intanet. Nasu ne wannan. Kai naka sanarwar ma'aikatarku ce, wadda za ka ji a Muryar Sahel ko Tele Sahel, ko ka gani a jaridar Sahel, ko a manne a gidan gwamna da ofishin perfe. Iyakar shekaru da tsawo da matakin karatu suna canzawa daga wannan ɗauka zuwa waccan, abin da ba ya motsi shi ne sai ka cika 18 kuma kai ɗan Nijar ne. Ka ɗauki hoton sanarwar da wayarka ka karanta ta layi-layi, in Faransancin ya yi maka nauyi ka kai wa malamin makaranta ya fassara maka, ba ɗan fada ba.

Takardu, nan ake zubar da mutane

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanarwa na iya ba da kwanaki kaɗan, alhali takarda guda na iya cin wata.

Uwar takardu ita ce ta haihuwa. In an yi maka ita tun kana jariri, alhamdu lillahi, je meri inda aka haife ka a fiddo maka kofi. In babu, sai jujma, wato hukuncin alƙali da ke maye gurbin takardar haihuwa, a gidan shari'a, da shaidu waɗanda suka san haihuwarka, daga nan a kai meri a rubuta. Kuma in ka ji alƙalai sun fito zagayen ƙauyuka suna yin takardun haihuwa kar ka bari ya wuce ka. Da ita za ka nemi nasiyonalite a kotu, inda galibi za a ce ka kawo har da takardar mahaifinka, to ka ga in tsoho ma ba shi da ita aiki ya zama biyu. Sai katin ɗan ƙasa a kwamisariya. Waɗannan ukun ba sa lalacewa da wuri, yau ma za ka iya farawa.

Kaziye kuwa, takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, wata uku ne ranta, kuma a kotun inda aka haife ka ake yin ta. Wanda aka haifa a Gure yana zaune unguwar Garin Malam a nan Damagaram sai ya shirya tafiya ko ya sami ɗan uwa can. Kar ka yi ta da wuri ta mutu kafin ranar, kar kuma ka bari sai ranar ƙarshe lokacin da layi ya kai titi. Haka takardar likita da ta shaidar zama, su ma sababbi ake so. Kofin diplom a kai a buga mishi hatimi da tambur, ainihin kuma ya zauna gida cikin leda, sai in an ce a zo da shi a nuna.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi. Ka shimfiɗa takardunka duka bisa tabarma ka duba sunanka harafi-harafi. A takardar haihuwa Mahamadou, a diplom Mamadou, a katin ɗan ƙasa Mahaman. A gida duk kai ne, a gaban mai tantancewa mutum uku ne. Sunan uba haka, Abdou nan Abdoulaye can, sunan uwa haka, ranar haihuwa haka, wani takarda guda ta ce "wajen 2004" ɗayar ta ce 1 ga Janairu 2005. Na ga yaro ƙaƙƙarfa ɗan wajen Dungas, ya sayar da akuyar uwarshi ya yi kuɗin mota da na hoto, aka maido mishi dosiye saboda harafi biyu, yana tsaye a shagona yana juya takardar yana cewa "to ai ni ne". Shi ne ɗin, amma gyaran sai kotu, kuma kafin a gama an rufe. In ka ga saɓani, ka bi gyara yanzu tun ba a yi sanarwa ba.

Maganar rage shekaru kuma, na san ana yi, mutum ya haura iyaka sai ya je a yanko mishi sabuwar jujma. Da can yana wucewa don ba mai haɗa wannan rajista da waccan. Yanzu diplom ɗinka na ɗauke da tsohuwar ranar, rajistar makaranta na nan, ana ɗaukar hoton yatsu, abubuwa na shiga kwamfuta. In aka kama ka ba korar kawai ba ce, takardar jabu laifi ne, kaziyenka ya ɓaci, ka rufe wa kanka har ƙofar gardi da ta 'yan sanda. Kuma yawancin sanarwa na neman wanda bai yi aure ba, ba shi da ɗa, to in kana da niyyar kaki ka ce wa su inna su dakata da maganar kai goro tukuna.

Jiki: abin da ido ba ya gani

Likitan kwamitin Nasara igiyar awo gare shi da idonshi. Na yau yana da allurar ɗibar jini da kwalbar fitsari da hoton ƙirji, kuma su ke yanke hukunci. Za a tuɓe ka, kar ka ji kunya kowa haka, a auna tsawo da nauyi, a duba ido kowanne shi kaɗai, kunne, haƙora, tafin ƙafa ko shimfiɗaɗɗe ne, gwame ko bakan ƙafa, jijiyoyin da suka kumbura, gwaiwa, basir, tsohon karaya da bai ɗoru daidai ba. A auna hawan jini. A jini ana neman irin su ciwon hanta da sida da emasi, wato sikila. Farfaɗiya da asma da tarin fuka duk suna hana mutum.

Ciwon hanta nau'in B shi ne mai kada samarin da ke ganin kansu garau, don yana da yawa a ƙasar nan kuma mutum na iya ɗauke da shi tun yarinta bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Shawarata, wata shida kafin lokacin da kake sa ran ɗauka, je asibiti da kuɗinka ka yi gwajin hanta da na emasi, a auna maka tansiyo, a duba ido. In ba ka da ciwon hantar ka yi rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. In kana da shi ka san matsayinka, ka kama bin likita, ka sa kuɗin dosiye a wata sana'ar. Kuma dan Allah kar wani ya sayar maka da jiƙo ko sassaƙe wai yana "wanke jini" kwana uku kafin bizit, wato duban likita, ba ya goge komai a gwaji, sai dai ya ƙara wa hantar wahala. Abin da ke gyaruwa kuwa a gyara, gwaiwa aiki ake yi a warke, ruɓaɓɓen haƙori a cike ko a cire, amma da sauran lokaci, ba ka zo da ɗanyen ɗinki ba.

Tramol da wiwi da sauran ƙwayoyi, ka bar su, kuma bari na gaske da watanni. Fitsari na tona asiri, wannan ɗaya. Na biyu tramol na jawo farfaɗiya, ka haɗa shi da gudu a ranar Damagaram ta watan Afrilu da zafi ke haura 40, mutum sai ya zube yana shure-shure a gaban kowa.

Gudu

Ku 'yan pale, ƙungiyoyin samari masu ɗaga ƙarfe, na Kara-Kara da na sauran unguwanni, ina ganin ƙoƙarinku, an zuba siminti a gwangwani an soka ƙarfen mota ana ɗagawa har ƙirji ya yi fam. Yana da amfani wajen pomp, wato dannawa ƙasa da hannu a taso, da jan ƙarfe. Amma soja numfashi yake nema, kuma sau da yawa siririn yaron ƙauye da ya saba bin dabbobi shi ke barin masu damtse a baya. Wata uku kafin lokaci ka fara, bayan sallar asuba, hanyar Mirya ko ta Tanut inda ba cunkoso, ka fara da abin da za ka iya kana magana ba ka haki, kowane sati ka ƙara kaɗan, rana guda a sati ka yi gajeren gudu mai sauri, rana guda ka huta sarai. Pomp da abdo, wato motsa jikin ciki, kullum. Takalmin da za ka yi gwaji da shi, da shi za ka yi horo, ko na gwanjo ne daga kasuwar Dole, sabon takalmi ranar gwaji kumburin ƙafa ne kawai. Ka sha ruwa sosai tun daren, e na san halin ruwan garin nan, ka nema dai. Ranar kar ka cika ciki da tuwo, kar kuma ka zo da yunwa, 'yar fura ko kunu da sassafe ya isa.

In ka faɗi bana

Kar ka ɗauka an rufe kenan. Sharuɗɗan soja ko'ina a duniya buƙata ke ja da su sama da ƙasa. Ingila a 1914 tana neman mai tsawon santimita 160, da aka ga ana korar ƙarfafan masu haƙar kwal don gajarta sai aka buɗe bataliyoyi na gajeru aka sauko wajen 152. Amurka ta daina ɗaukar dole a 1973, da yaƙin Iraƙi ya yi zafi masu zuwa suka ragu sai a 2006 sojan ƙasa suka ɗaga iyakar shekaru zuwa 42 suka riƙa yafe wa masu ƙananan laifuka, da abin ya lafa a 2011 suka maida 35.  Faransar da ta riƙa jefa wa kakanninmu ƙuri'a ta dakatar da aikin soja na dole da dokar 1997, na ƙarshe suka fita a 2001. Yukren kuma da yaƙi ya ci mutane ta sauko da shekarun kira daga 27 zuwa 25 a 2024. Saboda haka in santimita guda ta hana ka bana, ko gurabe suka cika, ka tambayi ainihin dalilin, ka rubuta, ka sake karanta sanarwa ta gaba daga farko kamar ba ka taɓa ganin irinta ba, muddin shekarunka ba su wuce ba.

Kuma ka ƙara wa kanka daraja kafin nan. Rundunar yau ba masu riƙe bindiga kaɗai take so ba, akwai jirage marasa matuƙi na Turkiyya da aka kawo a 2022, akwai motoci masu sulke, akwai na'urorin sadarwa, duk suna son mai gyara da mai tuƙi. Permi na babbar mota, takardar kanikanci ko walda ko wutar lantarki, aikin jinya, iya kwamfuta, in kana da ɗaya ka sa kofin a dosiye in sanarwa ta ba da dama. Yare ma dukiya ce, mai jin Barbarci ko Tubanci ko Fulatanci ko Buzanci ban da Hausa yana da amfani a Difa da arewa fiye da yadda yake zato.

Ƙannena mata, ku ma ana ɗaukarku, soja da jandarma da gardi da 'yan sanda duka, kuma ba aikin ofis kaɗai ba, Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sojan Nijar a 2015. Takardu iri ɗaya ne, awon tsawo da na gudu akwai naku, ana gwajin ciki. Babban aikinku a gida yake, ku shawo kan baba tun da wuri, ku nemi wata gwaggo ko wani kawu da yake jin maganarshi, kar sai suna ya fito a fara rigima.

Masu cewa suna da hanya

Da an yi sanarwa suke fitowa. Wani ya ce yayanshi kanar ne, wani ya ce shi ke kai sunaye Yamai, kawo jika ɗari biyu, kawo ɗari uku, rabi yanzu rabi in suna ya fito. Dabararsu mai sauƙi ce, ya karɓi na mutum ashirin bai kai sunan kowa ko'ina ba, uku su ci da ƙoƙarinsu ya ce aikinshi ne ya karɓi ciko, sauran ya ce musu "bana an yi mana ƙarfa-ƙarfa, sai baɗi". Akwai wani da ya riƙa zama a bencin gaban shagona da babbar riga da waya biyu yana wannan harkar, wani dattijo ya jinginar da gonarshi ya kawo mishi, har yau ba a sake ganin mai babbar rigar ba. Ban ce duniya ta gyaru ba a sa baki ko'ina, amma wanda ke da ikon sa baki da gaske ba ya zama a benci yana neman jika hamsin ɗinka. Abin da za ka kashe na halal sananne ne, tambur, hoto, fotokofi, gwajin asibiti, kuɗin mota, kuma duk abin da aka biya a ofis a karɓi rasit. Lambar da ta kira ka da dare ta ce ka turo kuɗi sunanka na jerin jira, ka kashe wayar.

In suna ya fito

Ka zauna da iyayenka ka faɗa musu gaskiya, horo watanni ne ba waya yadda aka saba, bayan nan kuma inda aka tura ka nan za ka, Difa, Tilaberi, Tawa, Dirku, ba zaɓi. Mai shiga don albashi kawai ya sake tunani, sunayen Inates da Shinagodar da na ambata sama samari ne sa'anninka. Ka nemi yafiyar mahaifiya da albarkarta, ka biya ƙananan basussukan da ke kanka.

Kaya kaɗan za ka ɗauka, abin da takardar kira ta lissafa kawai, za a aske kan, za a ba da kaki, babbar waya da sarƙa da layu masu yawa duk ka bar su gida. Kafin ka hau mota ka yi kofi biyu na kowace takarda, ɗaya a hannun mahaifinka ko babban yayanka, ɗaya ka ɗauki hotonta ka aje a waya. Da an ba ka lambar matirkil, wato lambarka ta soja, ka turo musu ita su rubuta a bangon littafi. Kuma wurin da za a ce ka rubuta wanda za a nema in wani abu ya faru, da masu gadonka, ka rubuta sunan inna da na baba daidai yadda yake a katinsu na ɗan ƙasa, harafi-harafi, in kuma ba su da katin ka tsaya a yi musu kafin ka tafi.